Kawu Nyam da Ƙafar Sintiri

Kawu Nyam yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A danginmu da ke Ingila ni ce ake turo wa hotunan jarirai da na mamata in adana, ni ce kuma ake tambaya wa ya haifi wa. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya same shi kafin a mai da shi abin dariya a wajen biki. Tuni ma an fara.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Vom. Mama ta ce tun yana yaro ba a ganinsa sai da kare a bayansa. Karnukan gida ba a saya musu komai, sauran gwate ne, wato faten da aka ci a gida, da ƙashi. In sun ji rauni a shafa musu toka, su warke ko su mutu. Da ya girma ya yi tuƙin tifa a Bukuru. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta, bai sake aure ba. Ya zo Manchester ya haura arba'in, ya samu aikin raba burodi a shaguna da mota. Yana zaune a ƙasan wani gida a Rusholme, ɗaki ɗaya da kicin da ɗan tsakar gida da rana ba ta leƙawa. Mu kuma muna Sparkbrook a Birmingham, ni da Mama.

Abin da aka san Kawu da shi a cocinsu shi ne adashi. Shi ke riƙe wa maza, kuma bai taɓa yarda ya yi kwasar farko ko ta tsakiya ba. Kullum shi ne na ƙarshe. Yakan ce mai saurin kwasa shi ke daɗewa yana zubi da baƙin rai, kuma namiji ba ya miƙa hannu don ƙaramin abu.

Sintiri ya shigo rayuwarsa ne yana ɗan kwikwiyo. Karyar wani abokin aikinsa ce ta haihu, aka rasa mai ɗaukar baƙin cikinsu, mai farin ƙirji. Kawu ya sako shi a kwalin burodi ya kawo gida. Da Mama ta ji, ta kira shi a waya.

"Yaya, mata nake nema maka, ka je ka ɗauko kare?"

"Clara, wannan ba ya tambayata ina albashi."

A ɗakin da ke saman na Kawu akwai wani ɗalibi ɗan Zariya, Abdurrahim, mai karatun digiri na uku. In za su haɗu a ƙofa yakan tattare wandonsa ya manne da bango yana cewa, "Baba, riƙe sojanka, da alwalata." Amma shi ke ajiye wa Sintiri guntun nama a leda. Da likitar dabbobi ta ce wa Kawu ya yi wa karen inshora, wajen Abdurrahim ya hau, suka buɗe kwamfuta.

Kawu ya ce a yi masa bayani. Abdurrahim ya ce kowane wata za ka biya wani abu, ranar da kare ya yi ciwo kamfani ya biya asibiti.

"Wato kowa ya zuba, wanda buƙata ta kama ya kwasa?"

"Kusan haka ne, Baba."

"To ai adashi ke nan. Sa ni."

Iri-iri ne a shafin. Akwai mai tsada, wadda ke bin ciwo har ƙarshen ran kare muddin ana sabuntawa kowace shekara. Akwai mai sauƙi. Kawu ya nuna mai sauƙin, ya ce Sintiri ba ɗan sarauta ba ne. Abdurrahim ya gaya mini daga baya cewa ya ga ƙananan rubutun da ke ƙasa, amma malaminsa na jiran aiki, bai tsaya karantawa ba.

Shekaru suka wuce Kawu yana zubi, bai taɓa fashi ba. Na sha zuwa hutu in tarar da su: shi a kujera yana cin tuwon semo, Sintiri ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa yana bin kowace loma da ido. In Kawu ya dawo daga aiki, kafin ya cire takalmi sai sun zaga filin shaƙatawa na unguwar, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Mama takan ce tun rasuwar matarsa ba ta ƙara jin yayanta yana waƙa ba sai da karen nan ya zo.

Wata rana Sintiri ya bi kurege a filin, ya dawo yana ɗingishi da ƙafar baya. Likita ta duba ta ce jijiyar gwiwa ce ta fara tsagewa. Ta ba da maganin ciwo, ta ce a hutar da shi, amma mai yiwuwa a ƙarshe sai an yi tiyata, kuma gara da wuri. Ta tambaye shi ko yana da inshora. Ya ce yana da ita. Ta ce to a cika takarda. Kawu ya ciro katinsa na banki ya biya da kansa.

Ni ya ba labarin a waya, yana jin daɗin kansa.

"Bethany, don ɗan maganin nan zan taɓa rabona? A bar shi ya taru. Ranar babban abu na nan zuwa."

Na ce, "Gaskiyarku, Kawu." Ni ma abin da na sani ke nan.

Haka aka yi ta yi. Ƙafa ta yi sauƙi, ta dawo, ta sake sauƙi. Duk zuwa asibiti Kawu ke biya daga aljihunsa, yana lallaɓa abin da yake ganin ajiyarsa ce. Sai da aka haura shekara, wata safiya Sintiri ya tashi ya kasa taka ƙafar gaba ɗaya. Jijiyar ta tsinke. Kuɗin tiyatar da aka faɗa ya fi albashin Kawu na wata biyu. Bai ko girgiza ba. Ya ce wa likita yanzu kam a cika takardar.

Kamfanin ya ƙi biya.

Na hau bas daga Birmingham na same shi zaune a bakin gado da rigar aiki, Sintiri kwance a kan tsohon bargo yana lasar gwiwa. Na kira kamfanin, na buɗe muryar wayar don Kawu ya ji. Matar da ta ɗauka tana da ladabi ƙwarai. Ta ce irin inshorar da Kawu ya zaɓa wata goma sha biyu take ba kowane ciwo, kuma ana fara ƙirga ne tun ranar da ciwon ya fara bayyana, ko an nemi kuɗi ko ba a nema ba. Da an yi tiyatar bara, da sun biya gwargwadon abin da aka yanka. Yanzu lokacin ƙafar nan ya wuce. Na tambaya ko za mu iya komawa mai tsadar. Ta ce za mu iya, amma ba ta ɗaukar ciwon da kare ya riga ya shigo da shi.

Na fassara wa Kawu, ko da yake ya ji komai.

"Tambaye ta," ya ce, "duk abin da na zuba fa, ban taɓa ɗaukar ko sisi ba?"

Ta ce ta fahimta, ta ba da haƙuri, amma ba ajiya ba ce. Abin kowace shekara yana ƙarewa da shekararsa.

Kawu ya dubi Sintiri. Sannan ya ce, "Wato da na yi zalama da sun biya."

Mun gwada asibitin sadaka, aka ce na masu karɓar tallafin gwamnati ne, shi kuwa yana aiki. Mama ta turo abin da take da shi, bai kai ko'ina ba. Ranar Lahadi bayan sujada, Kawu ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya tara mazan adashi a bayan coci ya roƙi a ba shi kwasar wannan watan. Ina tsaye daga gefe. Da suka ji dalili, wani ya fashe da dariya.

"Kare, Baba Nyam? A gida da tuni an yi masa tiyata a tukunya!"

"Ka yi masa sanda mana, ku riƙa dogarawa tare."

Wanda kwasar ta faɗo kansa, Dalyop, bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, ka san mahaifiyata na kwance a Jos, kowane mako sai an wanke mata ƙoda. In ka ce in bar maka, zan bar maka. Amma kai za ka faɗa."

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "A'a, ɗana. Kai wa tsohuwa. Allah Ya ba ta lafiya."

A hanyar gida, da muka kusa ƙofa, ya ce Dalyop ne da gaskiya, kuma da shi ne a gida shekarun baya, da shi ma dariyar zai yi.

Likitar ce ta kawo hanya ta ƙarshe. Akwai wata ƙungiya a wajen gari da ke karɓar karnuka, ta yi musu magani, ta nema musu sabon gida. Za su yi wa Sintiri tiyata, amma sai Kawu ya sa hannu ya bar musu shi har abada. Ba ziyara, ba a faɗa masa inda aka kai shi. In kuwa ya riƙe shi, zai ci gaba da tafiya da ƙafa uku a kan magani, kuma ta ce sau da yawa ɗaya gwiwar ma takan bi.

Kawu ya yi kwanaki yana ɗaukar karen nan a hannu zuwa tsakar gida don ya yi fitsari, ga nauyi, ga bayansa da ke ciwo. Wata safiya ya ce in kira su.

Abdurrahim ne ya ari mota ya kai mu. Bai yi maganar alwala ba. Da hannunsa ya taya Kawu sa karen a kujerar baya. Wata budurwa Baturiya ta tare mu a ƙofa, Kawu ya sa hannu a inda ta nuna. Ta karɓi igiyar ta yi wa Sintiri magana da Turanci, ya tsaya da ƙafa uku yana kallon Kawu kawai.

"Bethany, gaya mata ba ya jin Turanci."

Na gaya mata. Ta ce to a koya mata. Kawu ya tsaya a gabanta kamar malamin makaranta, yana faɗa tana maimaitawa: zo, bari, kwanta. Ta juya wajen karen ta ce, "Kwanta," harshenta na karkacewa.

Sintiri ya dubi Kawu. Kawu ya kau da kai. Karen ya lanƙwasa ƙafar mai ciwo a hankali, ya kwanta a gabanta.

"Ya ji ta," in ji Kawu. "Mu tafi."

Bara ya ajiye aiki ya dawo wajenmu a Sparkbrook, a ɗakin da ke kallon titi. Mai gidan bai yarda da dabbobi ba. Kawu ma bai tambaya ko za a bar shi ya ajiye kare ba.