Hannun Mai Fura a Gaban Kotu

Maigidana ya dawo daga Ingila da takardun zama lauya da baƙar riga da hular gashin doki a cikin gwangwaninta, amma babu ko mutum ɗaya da ke neman ya tsaya masa a kotu. Shekarun farko ne bayan samun 'yancin kai. Ni ina koyarwa a makarantar 'yan mata, shi kuwa ya kama ɗaki a wani bene da ke bakin hanyar Bompai, ya sa aka yi wa takardun gilashi, ya rataye su inda duk mai shigowa zai fara gani. Mai shigowar ne babu.

Karatu dai ya yi shi, wannan ban hana masa ba. Ya ci jarrabawa, ya kuma ci abinci a zauren manyan lauyoyin can iya adadin da aka yanka masa, don wai in ba ka ci ba, ba a kiranka lauya. Na sha tsokanarsa da wannan. Nakan ce da na san da cin tuwo ake zama lauya, da tuni na riga shi. Da ya dawo ma sai da ya ƙara 'yan watanni a Ikko kafin a yarda ya buɗe baki a gaban alƙali.

To, mutanen Kano in rigima ta taso kotun alƙalin gari suke zuwa, can kuwa ba a barin lauya ya ce uffan. Masu masana'antun Bompai, masu matsar man gyaɗa da masu sabulu da masu turare, suna da lauyoyinsu tun kafin ya tafi karatu. Sai ya wuni yana kai da kawo tsakanin tebur da taga. Jiniyar kamfani ta buga ta safe, ya leƙa. Ta buga ta tashi, ya leƙa, leburori su wuce a kan kekuna ba mai ɗaga kai. In ya dawo gida ba ya iya zama. Ya ɗauki jarida ya ajiye, ya kunna rediyo ya kashe, ya tambaye ni ko wani ya zo nemansa. Har ni abin ya shafa, na zama ba na iya gama tsintar shinkafa ban miƙe na leƙa ƙofa ba.

Mahaifinsa malami ne a cikin birni, bai taɓa son aikin ba. A ganinsa lauya mutum ne da ake biya ya gyara wa maƙaryaci ƙaryarsa. Daga Kaduna kuma ana ta aiko wa maigidana ya je ya zama lauyan gwamnati, ga gida ga albashi. Tsohon ya ce ya ba shi zuwa ƙarshen damina, in bai tsaya da ƙafarsa ba, ya tattara ya tafi. Ni ba na son Kaduna. Innata tana Kano, aikina yana Kano, kuma na san in ya shiga ofis ya rabu da abin da ya je ya koyo ke nan, wato tsaya wa wanda ba shi da kowa.

Gwaggona da ke aure a Sharada ce ta kawo mana labarin. Sharada a lokacin ƙauye ne, gero da dawa ne ko'ina. Maƙwabciyarta, wata mai fura, ta sayi sabulun wanki na wani kamfani a Bompai, ta wanke kayan gida, kafin la'asar hannayenta suka kumbura. Washegari fatar ta saluɓe har wuyan hannu. Ciwon ya warke ya bar fari-fari da baƙi-baƙi, kuma tun daga nan ba wanda ya ƙara aikowa sayen furarta.

Muna cin abinci na gaya masa. Ya ture kwano ya miƙe. Ya ce soda ce ta yi yawa a sabulun, kuma irin wannan shari'ar ce ya fi ƙwarewa a kanta: duk wanda ya yi kaya ya sa a kasuwa, alhakin wanda kayan ya cutar yana wuyansa, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya ce in ya ci wannan, duk wanda lemon kwalba ko fitila ko sabulu ya cuta zai san hanyar benen nan. Ranar ban iya sa shi ya ƙarasa abincin ba.

Matar tana cikin kulle, namiji ba ya shiga. Saboda haka shi ya zauna a zaure da mijinta, ni in ɗauki tambaya in shiga, in ɗauko amsa in fito. Wuni guda ina zirga-zirga tsakanin zaure da tsakar gida kamar mai rabon goron suna. Amsoshin kuwa ba masu daɗi ba ne. Ragowar sabulun sun jefa shi a salga don haushi. Asibiti ba su je ba sai da ciwon ya fara bushewa, takardar likita ba ta ce komai ba. Abu ɗaya ya rage, shi ne hannun kansa. Tabon ya tsaya cak daidai inda ruwan wanki ya kai, a hannu biyun duka, kamar an ja masa layi. Da na kwatanta wa maigidana, ya ce shi ke nan, ƙazwa ba ta jan layi, alƙali ya gani da idonsa kawai.

Mijin manomi ne, mai sanyin magana da taurin kai. Ya ce abu ne Allah ya kawo, shi bai ga dalilin kai matarsa gaban Bature ba. Sai da muka yi ta sintiri, aka haɗa da gwaggo da limamin unguwa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, zan bar ta ta fita. Amma sau ɗaya."

Kafin ranar, gidanmu ya zama kotu. Ya sa hular gashin dokin a tsakar ɗaki, gumi na zuba, ya yi ta jero mini Turanci, ni ce alƙali, ni ce lauyan kamfani. Ni kuma in je Sharada in koya wa matar inda za ta tsaya, da wanda zai tambaye ta, da yadda tafinta zai juya maganarta. Na gaya mata kada ta ji tsoro, a ƙarshe za a ce ta miƙa hannu a duba, shi ke nan an gama. Ta ce to.

Ranar shari'a ina da aji da safe, ban isa ba sai da aka fara. Na hango matar a gaba ita da surukarta, ta lulluɓe ruf da mayafi. Maigidana na tsaye yana magana, kuma in faɗi gaskiya, na ji daɗinsa. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya a gida, ga shi ya tsaya ƙyam, murya a kwance, alƙalin, wani Bature, yana ta rubutu. Lauyan kamfani ya ce tsohon ciwon fata ne, ba ruwan sabulu. Maigidana ya bar shi ya gama, sannan ya roƙi kotu ta dubi hannun. Tafinta ya gaya mata. Ta zaro su daga cikin mayafi ta miƙa.

Lalle ne aka ƙunsa mata, tun daga kan yatsu har ya haura wuyan hannu, ya kama ya yi ja har ya koma baƙi. Ban taɓa ganin ƙunshin da ya kama haka ba. Alƙali ya sa tabarau, ya ce ta matso, ya ce ta juya su. Babu fari, babu layi, babu komai. Lauyan kamfani bai ko yi dariya ba, ya dai miƙe ya ce shi ado yake gani. Maigidana ya nemi a ɗage shari'ar har lallen ya goge, aka ba shi 'yan makonni.

Ko gida ba mu biya ba, muka bi su Sharada cikin yayyafi. A zaure mijin ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Ai na gaya maka, Lauya. Sau ɗaya na ce, kuma ta fita."

Na shiga ciki raina a ɓace, na yi niyyar in zazzage musu abin da ke cikina. Surukar ce ta tare ni.

"Ni na ƙunsa mata, 'yar nan," in ji ta. "Sai da ta kwana da zunguru, na sake maimaitawa. Za a kai matar ɗana gaban manyan mutane, a ce ta miƙa hannu, ta miƙa shi a haka? Ko gidan suna ba na bari ta je haka."

Na ce, "Iya, ai tabon ne ake so a gani. Shi ne shaidar."

"Ki ce dai a tara maza su kalli aibinta."

Na juya ga matar. Tana zaune a bakin turmi, ba ta ɗago ba. Na ce ta taimaka ta roƙi mijinta, in lallen ya fita ta sake zuwa, ba za a daɗe ba.

"Malama," ta ce, "ke kika ce za a duba hannuna. Tun ranar ban ƙara barci mai daɗi ba sai da aka ƙunsa." Ta dubi hannayenta, ta ce, "Kuma jiya har gida biyu suka aiko sayen fura. In ya fara gogewa Iya za ta sake sa mini."

Na fasa faɗan da na ƙunso. Ina jin haushinta, ina kuma ganin ba ta yi ƙarya ba, ni ma a matsayinta da abin da zan yi ke nan. Ta dama mini fura, na sha, don ba a ƙin abin hannun mutum a gidansa.

Da na fito maigidana yana tsaye a ƙofar zaure, ruwa na sauka a kafaɗarsa. Ya dube ni, na girgiza kai. Bai tambaye ni me ta ce ba.

Ana yankan gero muka ɗaure kaya, sai Kaduna. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya kai inda ya kai, aka yi ta yabonsa. Amma mai furar nan ita ce ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe da ya taɓa tsaya wa a kotu.