Vagn da Gidan Bakin Tafki

Ranar da indararon gidansu ya toshe, Vagn Thygesen ya sha kaye a hannun matarsa Bodil, kuma kaf layin sun ji, don Bodil ba ta iya faɗa a hankali ba. Ruwa na bin bangon kicin, gogan naka kuwa yana gaban kwamfuta.

"Tsoho, gida zai faɗo mana a ka!"

"Ina zuwa, bari in leƙa gidan Aulis."

"Ana ruwa ne a gidan Aulis?"

"Ba a yi."

"To nan ana yi. Jarumin da ya kashe dodo mai kai uku, ga tsani can, je ka yaƙi ganye."

Haka ya hau, tumbi a gaba, sanƙo na shan ruwa.

Vagn direban bas ne a garin Esbjerg har ya yi ritaya, mutum marar hayaniya. Tun kansa da gashi ya shiga wannan wasa na intanet, inda dubban mutane ke haɗuwa a wata ƙasa ta dodanni da matsafa, kowa da surar da ya zaɓa. Shi wada ya zaɓa, mai gatari da gemu har gwiwa, alhali a zahiri gemun nan ya ƙi shi ƙememe. A can ya haɗu da Aulis, mutumin Finland, wanda bai taɓa gani ido da ido ba. Aulis ya gina gidan katako a bakin wani tafki na cikin wasan, kuma duk sabon shigar da dodanni suka tsiyata, can yake samun mafaka da takobin aro. Makulli biyu ne, ɗaya ya ba Vagn. Sai Aulis ya rasu.

Dokar wasan ita ce, gidan da mai makulli ya daɗe bai shiga ba, bangonsa zai tsage, daga nan ya rushe, wani ya ɗauke filin. Shi ya sa sama da shekara goma Vagn ke zuwa ya buɗe ƙofa, ya hura wuta a murhu, ya ɗan zauna.

Sai ɓarin jikinsa ya shanye. Da bakinsa ya fara motsi a asibiti, kalmar farko da ya fitar ita ce, "Gida."

"Lafiya lau, indararo ma na aiki," in ji Bodil.

"Na Aulis."

"Shekara arba'in ina dafa maka dankali, ka dawo daga bakin kabari da sunan ƙato a bakinka!"

Ta rantse ba za ta taɓa kwamfutar nan ba. Da ta koma gida, waya ta yi ƙara. Wata Marijke ce daga Holan, abokiyar wasansa. Ta ce bangon gidan Aulis ya fara tsagewa, makulli kuma yana jikin wadan Vagn, wanda aka bari a wani birni, dajin kyarketai tsakaninsa da tafkin.

Washegari da hantsi Bodil ta saka tabarau ta zauna, Marijke na kwatanta mata ta waya. Ta kama linzamin kwamfuta kamar mai riƙe da ɗanyen kifi. Ta buga wadan da bango, ta jefa shi rijiya.

"Gajeren nan ma taurin kai gare shi kamar mai shi!"

Da ƙyar ta kai shi ƙofar birni. A nan ta tsaya.

Hanya ta cika. Daga ƙofar birni har inda ido ya ƙare, mutane sun jeru dama da hagu: masu sulke, matsafa da sandunansu na wuta, mahayan damisa sun sauko sun riƙe dabbobinsu. Har waɗanda suka shekara suna sare-saren juna sun tsaya kafaɗa da kafaɗa. Kyarkeci na fitowa daga daji, kibau sun gama da shi tun bai ɗaga ƙafa ba. Duk wanda wadan ya wuce sai ya durƙusa.

"Su waye waɗannan?" Muryar Bodil ta yi ƙasa.

"Mai jan sulken nas ce a Poland. Na kusa da ita masunci ne a Scotland. Dukkanmu a gidan nan muka fake muna sababbi."

Bodil ta bi da wadan ta tsakiyarsu, yana tangaɗi kamar ya sha. Ba wanda ya yi dariya. Ta buɗe ƙofa, tsagar bango ta haɗe a kan idonta. A ciki ga kujeru biyu gaban murhu, ƙugiyar kamun kifi jingine da ɗaya. Ba wanda ya ce ta hura wutar, amma ta hura.

Bayan an sallamo Vagn, wata Lahadi ana shan kofi, ƙanin Bodil, Flemming, ya zo. Shi ne mai gidan hutu a bakin teku, wanda ba a gaisawa da shi bai ambace shi ba.

"Yaya, har da ke? Duk wannan bidiri a kan gidan da babu shi? A zare waya daga bango ya ɓace! Ni nawa na bulo ne, ka daka ka ji."

Bodil ta ajiye kofi za ta fara, Vagn ya ɗaga hannunsa mai lafiyar. Magana a hankali take fito masa yanzu, dole aka jira.

"Naka na bulo ne, Flemming, ba musu. Bara da ka karye ka kwanta, mutum nawa suka je duba maka shi? Ko ɓarawo bai leƙa ba."