Yajin Tasallah a kan fiza

Duk wanda ya yi ziyarar Uhudu a shekarun casa'in ya ga Tasallah, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan 'yar Damagaram mai shimfiɗa tabarma kusa da masu dabino, tana sayar da yaji da ƙuli-ƙuli. Allah bai ba ta haihuwa ba. Amma da maƙwabciyarta Ƙaltume, haifaffiyar Madina, ta kwanta jinya bayan ta haifi Saif, Tasallah ce ta goya shi har ya yi ƙafa. Tun daga nan ta ɗauke shi ɗan fari, ta kuma yi masa kunyar da ake yi wa ɗan fari can gida: sunansa ba ya fita daga bakinta. "Yaron nan" take cewa, ko a gaban wa. Ƙaltume takan yi dariya ta ce, "Ni da na haifa ina kira, ke ce mai kunya?"

Saif ya zama saurayi daidai lokacin da fiza ta shigo gari. Da farko tsofaffi sun ce ai gurasa ce aka yi wa ado, amma kafin ka ce me, kowa ya sami irin tasa. Larabawan Hijaz sai da zaitun, Turkawa nikaƙƙen nama, Indiyawa kaza. Namu kuwa in sun gutsura sai su ce lami, su ture. Saif ya buɗe ɗan shagon fiza a unguwar Al-Sih, ƙudaje ne kawai ke zuwa masa ciniki.

Ran nan ya kawo wa Tasallah guda, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ɗebo yajinta ta barbaɗa a kan cukun. Ya ci, ya sake ci.

"Inna," in ji shi da guntuwar Hausarsa, "wallahi in ya karɓu, sunanki zan sa masa."

Ya kuwa karɓu. Tasallah ta dinga daka, ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da kimba, har kafaɗunta suka soma ciwo. Ba wani abu take nema ba. Ita dai a ji a garin Manzo cewa tana da ɗa, ɗan kuma bai ɓoye ta ba. Har ta gaya wa matan da suke shimfiɗa tare.

Da ya buɗe babban shago a unguwar Jurf, ta sa baƙar abayarta ta fita kunya, ta tafi ba a gayyace ta ba, don uwa ba ta jiran gayya. Tun daga ƙofa ƙamshin yajinta ya tare ta. Sai ta ji mai karɓar oda yana ɗaga murya, "Maksiki biyu! Maksiki babba!" Ta tambaye shi mene ne Maksiki. Ya ce sunan fizar mai yaji ke nan, daga wata ƙasa Meksiko aka kawo sirrinta.

Saif na tsaye da abokansa Larabawa. Ɗaya ya nuna ta, ya ce wace ce wannan. Larabcin Tasallah na kasuwa ne, amma ya ishe ta ta ji amsar.

"Wata Hajja ce mai talla a Uhudu," in ji Saif. "Ku ba ta guda a leda."

Ledar ta karɓa, don ba za ta kunyata shi a gaban mutane ba. A hanya ta miƙa wa wani mai shara. Abin ya ci mata rai ƙwarai, kuma ba sunan fizar ne ya fi yi mata zafi ba, "wata" ɗin nan ce.

Bayan kwana biyu yajin shago ya ƙare. Saif ya tsayar da mota a bakin tabarmarta, Ƙaltume na zaune a baya. Tasallah ta riga ta daka, mai kyau kamar kullum, ba ta rage ko ƙwayar kimba ba. Ta miƙa masa da hannu biyu, ta dube shi ido cikin ido.

"Ga shi, Saif."

"Shukran, ya Hajja," ya ce, yana duba agogo. Bai ma ji ta kira sunansa ba.

Ƙaltume ce ta ji. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, tana kuka har motar ta tashi.