Sandar Ticha da Ɗan Jar Hula

Shekarun baya, da girmana da furfurata, na ɗauki lokaci ina tashi da sassafe ina buɗe wa tsuntsu ƙofa. Ku yi dariyarku, matata ma ta yi, kuma har yau ba ta gama ba.

A lokacin ɗana ya taso mu daga Kawaji ya kawo mu gidansa a unguwar Nassarawa, ya ba mu ɗakunan baya, ya ce, "Baba, ka huta haka nan." Ni masassaƙi ne. Ni da boko aji biyu muka yi muka rabu, ba faɗa ba zagi. Turmi, taɓarya, muciya, kujera 'yar tsugunno, da su na ci na sha na aurar da 'ya'ya. A Kawaji in ka ji an ƙwanƙwasa ƙofa, to mutum ne. A nan kuwa unguwa tsit, katanga ta fi ka tsayi, maƙwabcinka sai dai ka san kalar motarsa. Shi ya sa da na fara jin ƙwas-ƙwas-ƙwas bayan an idar da asuba, na yi murna, na ce yau ga baƙo. Na buɗe ƙaramar ƙofar baya, ba kowa. Washegari haka. Har na fara bin kusurwoyin gida ina tofa addu'a, na ce wa matata tsofaffin gidajen Turawan nan ba a rasa su da masu gida na ɓoye.

"Malam," ta ce, "ɗaga kanka ka gaida aljaninka."

Na ɗaga. Can jikin busasshen reshen mangwaro ga wani ɗan tsuntsu toka-toka, da jan gashi a tsakar ka kamar ya kafa hular dara, yana ta dukan itace da baki. Maƙwaƙƙwafi ne. Na san shi tun ina yaro a ƙauye, amma ban taɓa tsammanin yana da gida a unguwar manya ba.

To akwai abin da nake ɓoyewa a lokacin, wanda ko ɗana ban gaya wa ba. Hannuna na dama ya fara rawa. In zan sha shayi sai na tallafe kofi da hannu biyu, in ce zafi ne. Matata ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Abin da ya fi damuna ba shayi ba ne, abokina ne. Wani malamin makaranta ne mutumin Zariya, Kirista, da muka yi haya gida ɗaya a Kawaji tun muna sababbin aure. Ni Ticha nake ce masa, shi kuma Sarkin Sassaƙa yake ce min, don tsiya. Tun zamanin da ba mu da halin saye muka saba: da Sallah ya ba ni abin da ya yi da hannunsa, da Kirsimeti in ba shi abin da na yi da nawa. Da hali ya samu, sai abin ya koma doka. Ba a saye. Shi kullum mafici yake saƙa min, irin aikin hannun da yake koya wa ɗalibansa, kullum kuma a karkace, in ka yi fifita da shi na kusa da kai ne zai sha iska. Ni kuwa in yi masa abu mai kyau don in ƙure shi. Ba mu taɓa tsallake shekara ba, ko shekarar da aka yi tashin hankali a gari kowa ya kulle ƙofarsa.

A shekarar da muka koma Nassarawa, idon Ticha ya yi yana, yana tafiya yana laluben bango. Na ce sanda zan yi masa. Da damina na sa aka saro min wani miƙaƙƙen reshe daga mangwaron nan, na zauna da 'yar wuƙata zan fara zane tun daga mariƙi. Na sa wuƙa nan, ta tafi can. Na sake, ta yanke ni a babban yatsa. Ni da na yi shekaru ina fafe turmi ina hira ba na ko kallon gizago! Haushi ya kama ni, na ɗauki reshen da ɓawonsa da komai na cake shi a ƙasa kusa da famfo, na shige ɗaki.

Matata ta ga reshen a cake. Sai ta samo tsohuwar ƙwarya ta huda, ta rataye a kan reshen, tana zuba tsaki da gero. Kurciyoyi suka gano wurin, da wasu ƙananan jajaye da ban san sunansu ba. Ni kuma da ba ni da aikin yi, na mayar da kujerata bakin ƙofa ina kallonsu.

Bayan damina ta ɗauke, ran nan sai ga ɗan jar hula ya sauko. Bai ko kalli geron ba. Jikin sandata ya maƙale.

"Kin gani ko?" na ce wa matata. "Ɗan sana'ata ne ya zo yi min gori. Ina danƙon nan?"

"Da wane hannun za ka harbe shi?" ta ce.

Wannan ne karo na farko da ta ambaci hannun. Na koma na zauna, na ce bari in ga iyakar gwanintarsa.

Jama'a, ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ashe ba duka kawai yake yi ba. Zai ɗan taɓa itacen a hankali, ƙwas, ya karkata kai kamar mai sauraron sirri ta jikin ƙofa. Ya matsa sama kaɗan, ƙwas, ya sake saurara. In ya ji abin da yake nema, sai ka ga ya kafa jelarsa a jikin itacen kamar mutum ya tokare da ƙafa, sannan ya saki duka, da saurin da ido ba ya iya bi. Garin itace na zuba kamar ana tankaɗe. Sai ya zura wani siririn harshe, dogo, da ban san inda yake naɗe shi a ɗan kan nan ba, ya zaro farar tsutsa ya haɗiye. Ni in na wuni ina sara, kafaɗata sai an gasa min. Wannan da kansa yake sara, ya gama ya girgije ya tashi garau. Na ce Subhanallahi. Wa ya wasa masa bakin? Wa ya gaya masa akwai abinci a inda ido ba ya gani?

Daga baya ya riƙa zuwa da matarsa, ita ba ta da jan a ka. In yana sama tana ƙasa, suna zagaya sandar kamar masu hawa matakala a murɗe. Na daina komawa barci bayan asuba. Har shayina ya riƙa hucewa a hannu, na manta ma da rawar.

Amma Kirsimeti na matsowa, ba ni da abin kai wa Ticha. Na ce wa matata zan sa direban ɗana ya sayo min sanda a kasuwa in ɗan goge ta, tunda mutumin ba gani yake yi sosai ba.

"Makaho za ka cuta, Malam? Da girmanka?"

"Ba cuta ba ce, dabara ce."

"To ka yi dabararka, amma kada ka ce in raka ka."

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti, na je zan cire reshen daga ƙasa, don na gaji da ganin abin da ya gagare ni. Ina kama shi sai ɓawon ya saɓule a hannuna kamar tsohuwar riga. Na tsaya. Daga sama har ƙasa, jikin itacen zane ne. 'Yan tsutsotsin da suka zauna ƙarƙashin ɓawon sun bi sun yi hanyoyi sirara, suna lanƙwasa, suna rassa, wani wuri kamar ganye, wani wuri kamar rubutun allo. Tsakaninsu kuma ga ramukan tsuntsun, ƙanana, a jere suna zagayawa har mariƙi. Na yi shekaru ina zane a itace, ban taɓa kawo irinsa a raina ba. Na buga ta da ƙasa, na dogara a kanta da duk nauyina. Cikinta lafiya lau, saman kawai suka taɓa.

Na kira matata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah," ta je ta ɗauko min man kaɗanya. Shafa mai dai ba ya buƙatar hannu mai tsayawa. Na yi ta murza ta har ta yi duhu tana sheƙi, na sa mata guntun roba a gindi.

Ranar Kirsimeti muka je Kawaji. Matar Ticha ta cika mu da shinkafa da cincin. Na miƙa masa sandar ina hura hanci, na ce, "Sabon salo ne, bana na fito da shi."

Ya karɓa, ya bi ta da yatsu tun daga mariƙi, a hankali, kamar mai karatu. Ya kai ƙasa ya dawo.

"Sarkin Sassaƙa."

"Na'am, Ticha."

"Wuƙarka hagu take karkata. Duk abin da ka taɓa yi min yana ɗakin nan, na san shi a yatsuna. Wannan ba wuƙarka ba ce."

"To, yaro na sa."

"Wane yaron?"

"Wani ne mai jar hula. Ba ya magana, sai aiki."

Matata ta ƙware da cincin don dariya, dole na kwashe labarin na ba shi, tun daga buɗe ƙofa. Abu ɗaya kawai na tsallake, dalilin da ya sa na cake reshen a ƙasa. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya gyara zama kamar alƙali.

"Saye ka yi?"

"A'a."

"Ka biya shi lada?"

"Ko geron bai ci ba."

"To doka ba ta karye ba. Amma baɗi ka ce masa kujera nake so."

Ticha ya koma Zariya wurin 'ya'yansa tuntuni. An ce min da sandar yake zuwa coci, kuma duk wanda ya yaba ta sai ya tsare shi da labarin. Ni kuwa ban ƙara riƙe wuƙa ba, kuma abin mamaki, bai ƙona min rai kamar yadda na zata ba. Da can ina ganin in hannuna ya tsaya, kyau ya ƙare a itace. Ashe tun kafin a haife ni ana wannan aikin a bayan kowane ɓawo, ba mai kallo, ba mai yabo. Yanzu duk damina sai na sa a cake min sabon reshe kusa da famfo, matata ta rataya ƙwaryarta, in zauna in ga abin da za a rubuta.

Abu ɗaya ne har yau yake min yawo a ka. Ranar Kirsimetin nan da za mu tafi, Ticha ya rako mu bakin ƙofa yana dogara sabuwar sandarsa. Na ba shi hannu mu yi sallama, sai ya riƙe bai saki ba. Hannuna na ta kaɗawa a cikin nasa, ba yadda zan yi in tsayar da shi. Ya ɗan matse shi, ya rage murya yadda matan ba za su ji ba, ya ce:

"Sarkin Sassaƙa, wa ya gaya wa tsuntsun nan hannunka ya gaji?"