Yadda Mai Kemis Ɗin Akurba Ta Shiga Jami'a

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Akurba da ke Lafiya ya san kemis ɗin Dooshima Orshi, wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa tsakanin mai niƙa da mai gyaran babur. Rabin unguwa Dokta suke ce mata. Ta hana, ta hana, har ta gaji ta ƙyale su.

'Yar manomin doya ce daga wani ƙauyen Tibi a bayan Keana. Shekarar da ta sami gurbi a jami'a, takardar ta ce famakoloji, ita da mahaifinta kuwa suka karanta famasi. Tsohon ya yanka akuya, ya sanar a coci cewa 'yarsa za ta dawo tana haɗa magani a babban asibiti. Sai da ta yi wata biyu a aji kafin wata ɗaliba ta fahimtar da ita cewa kwas biyu ne daban. 'Yan famasi su ne masu haɗawa da bayarwa, su kuma nasu nazarin abin da magani ke yi ne idan ya shiga jiki, a kan fararen ɓeraye da zomaye. Ta sha kuka ranar. Amma an riga an cinye akuya, babu fuskar komawa gida. Kafin shekara ta ƙare karatun ya shiga ranta, har ta zarce ta yi digiri na biyu.

Aiki ne ya ƙi zuwa. Ta kai takardu ma'aikatu, ta kai kamfanonin magani a Abuja, shiru kamar an shuka dusa. Daga ƙarshe ta nemi lasisin sayar da ƙananan magunguna, ta buɗe shago a Lafiya. Shekara tara ke nan. Sai dai malantar da ba a ba ta ba, a kan masu sayayya take sauke ta. Mutum zai shigo neman maganin ciwon kai, ya fita bayan minti goma ya san aikin hanta da na ƙoda.

Wata Talata da hantsi wani tsohon abokin karatunta ya turo mata sanarwa a waya. Sashen famakoloji na wata jami'a a nan kusa yana neman malaman wucin gadi da za su koyar a ɗakin gwaji, da kuma masu sa ido a jarrabawa. Saura kwana uku a rufe. Ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, ta hau acaɓa zuwa kafen Zuhra, yarinyar da ke cike wa mutane fom a intanet.

"Wanne za a cike, Anti? Koyarwa ko sa ido?"

"Duka biyun. Idan akwai na sharar ofis ma ki ƙara."

Wahalar ta fito ne daga hoton fasfo. Shafin ya ce hoton ya yi nauyi. Zuhra ta rage, ya ce har yanzu. Ta sake ragewa, ta sake, har fuskar Dooshima ta koma kamar ƙwayar gurjiya mai ɗankwali. Sannan shafin ya karɓa.

"Wa zai ɗauki wannan aiki?" in ji Dooshima tana leƙen kwamfutar.

"Ai gara haka, Anti. Ranar intabiyu za su ga kin fi hotonki."

Mako biyu bayan nan aka kira ta intabiyu. Wanda ya fi ta ɗaukar abin da zafi shi ne Baba Ya'akubu, tsohon hedimasta da ke zuwa awon jini kullum da safe, ya zauna a bencin ƙofar shagon har azahar. Koyarwa bai damu da ita ba, ya ce wannan kowa ya shaida. Sa ido ne yake ganin ba ta san komai a kai ba.

"'Yata, shekara talatin da ɗaya ina tsaron jarrabawa. Na farko, ki bar takalmin nan mai ƙwas-ƙwas a gida, kura ba ta rataya ƙararrawa. Na biyu, a baya ake tsayawa, ba a gaba ba. Na uku, wanda ke kallon silin ki bar shi, addu'a yake yi. Wanda ke kallonki ki riƙe shi a rai. Wanda kuwa idonsa ke ƙarƙashin tebur, hannunsa na motsi, kada ki yi shawara da kowa."

"To, Baba."

"Kuma ki sani, mutanen jami'a da wayo. Suna iya gwada ki a wajen intabiyun ba ki sani ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta zauna mata a kai.

Ranar Alhamis ta saka atamfarta ta zuwa coci da takalmin roba mara sauti. Su ashirin da wani abu ne a baranda, kowa rungume da fayil, yawancinsu yara ne da suka gama bautar ƙasa bara. Aka kira ta wajen ɗaya da rabi. Mutum uku ne a bayan dogon tebur: shugabar sashen, Farfesa Batulu, doguwa mai farin gilashi, da wani mai rubutu daga ofishin rajistara, da wani malami mai ƙiba da aka gabatar da shi da Dokta Terfa.

Farfesa ta duba fom, ta ɗago ta dubi Dooshima, ta sake duba fom.

"Ke ce wannan?"

"Ni ce, Ma. Intanet ne ya matse ni."

"To, Madam Orshi, minti biyar. Ki ɗauka mu 'yan aji biyu ne, ki koya mana yadda magani ke barin jiki."

Dooshima ta kwana uku tana shirya darasinta a kwamfuta, da zane-zane masu launi. Tana miƙa hannu za ta haɗa ta da majigi, aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Aka ce mai janareto ya tafi salla.

Sai Dooshima ta ɗauki kofin gilashi da gorar ruwan da ke kan teburin.

"A ce wannan tukunyar miya ce, hannu ya zarce, gishirin Keana ya yi yawa. Me uwargida za ta yi? Ta kwashe rabin romon, ta cika da ruwa. Gishiri ya ragu rabi. An jima ta sake kwashe rabi, ta cika. Yanzu saura rabin rabi. Haka hanta da ƙoda suke yi wa yawancin magunguna. Ba sa kore shi gaba ɗaya, rabi-rabi suke sallamarsa, kuma kowane magani da tsawon lokacin da rabinsa ke ɗauka. Shi ya sa idan na ce wa mutum ya sha bayan awa takwas, ba mugunta ba ce. Idan ya haɗiye na yini duka da safe don ya huta, ya yi wa tukunyarsa ambaliyar gishiri."

Farfesa ta cire gilashinta tana saurare. Dooshima ta samu hanya, ta shiga lissafin, tana zana layi a iska da yatsa. Ana cikin haka idonta ya faɗa kan Dokta Terfa. Kansa a sunkuye, idonsa a ƙarƙashin tebur, hannunsa na motsi. Ga kuma ƙarar leda, kaɗan-kaɗan.

Zuciyarta ta ce, ga gwajin nan da Baba ya faɗa. Ta ci gaba da magana kamar ba ta gani ba, ta zagaya a hankali ta bayan tebur, takalmin roba bai ce uffan ba, ta tsaya a kansa.

"Oga, don Allah ɗora hannuwanka a kan tebur."

Dokta Terfa ya ɗago a firgice, bakinsa a cike. Ya ɗora hannuwan. A cikin na dama akwai ƙullin dafaffiyar gyaɗa.

"Madam," ya ce bayan ya haɗiye, "tun ƙarfe bakwai nake nan, ban karya ba."

Farfesa Batulu ta kifa kai a kan fayil, kafaɗunta na rawa. Mai rubutu ya tambaya ko ya sa wannan a rahoto. Dooshima ta ba da haƙuri da Turanci, ta sake da Hausa, ta ƙara da Tibi, ta fita da baya har ta manta jakarta, sai da aka biyo ta da ita.

Da ta ba Baba Ya'akubu labari washegari, cewa ta yi ta kashe kanta da hannunta. Tsohon ya gama dariyarsa ya share ido.

"Kin karɓe gyaɗar?"

"Haba Baba!"

"A nan kaɗai kika yi kuskure. Doka ita ce a riƙe shaida."

Mako uku shiru. Ta daina duba waya. Sai ran nan tana auna wa wata mata maganin tari saƙo ya shigo: an ɗauke ta sa ido daga jarrabawar wannan zangon, koyarwa kuma ranar Alhamis-Alhamis daga zango mai zuwa. Ta yi ihun da mai niƙa ya kashe inji ya leƙo.

Jarrabawarta ta farko ɗalibai ɗari da arba'in da uku ne a babban zaure. Ta tsaya a baya. Awa ɗaya ba ta kama kowa ba, har ta fara jin kunya. Can ta hango wata yarinya a layi na shida, Mutmainna sunanta a katin shaidarta, ta sunkuya hannunta na karkarwa. Dooshima ta lallaɓa ta tsaya a gefenta. Babu takardar sata. Zufa ce ke tsiyaya a goshin yarinyar, biro ya ƙi tsayawa a yatsunta. Irin wannan ta gan shi a shago ba sau ɗaya ba.

"Me kika sha?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Kofi, Ma. Da ƙwayar hana barci biyu."

"Abinci fa?"

"Tun jiya da rana."

"'Yar famakoloji guda! Tashi."

Ta nemi izinin babban mai sa ido, ta mayar da ita kusa da taga, ta ba ta ruwa da biskit ɗin da ta ajiye wa kanta. Bayan minti goma hannun ya lafa, yarinyar ta ci gaba da rubutu, ita ce ma ta ƙarshen miƙa takarda.

Aka ƙirga takardun amsa, ɗari da arba'in da biyu. Aka sake, haka. Dooshima ta tare ƙofa da jikinta, ta ce ko ƙuda ba zai fita ba. Aka duba ƙarƙashin kujeru, aka duba kwandon shara, ɗalibai na gunaguni. Daga can bakin taga Mutmainna ta ɗaga hannu a tsorace.

"Ma, tawa ce. Tun da na ba ki kika maƙale ta a hammata."

Zauren ya ɗauki tafi. Dooshima ta zaro takardar, ta shafe ta a cinya, ta ɗora a kan sauran, ta ce kowa ya fita a layi.

Yanzu zango na uku ke nan tana koyarwa. Har yau ta wucin gadi ce, kuma shagon yana nan, ranar Alhamis ne kawai yake a rufe. Ajinta na farko a ɗakin gwaji har gobe ana labarinsa a sashen. Tana nuna yadda ake riƙe farin ɓera a ba shi magani, ta miƙa wa wani ƙaton saurayi da ya fi kowa cika baki. Ɓeran ya juya ya dube shi, saurayin ya sake shi. Kafin ka ce kwabo mutum sittin sun hau kan benci, maza sun riga mata. Dooshima ta durƙusa, ta kamo shi ta wutsiya a bayan firij, ta ɗora shi a hannunta tana shafa masa baya.

"To, ku sauko," ta ce. "Shi ma ya fi ku tsorata. Wa zai gaya mini nauyinsa kafin mu auna maganin?"