Randar Na'Allah

Duk wanda ya san Illo ya san Na'Allah, dogon tsohon nan da ba ya iya ganin mutum da jaka a hannu bai tambaye shi inda zai kwana ba. Ba laifinsa ba ne, gado ya yi. Ubansa mai masauki ne, kuma a gidansu mai soraye da ƙaton zaure fatake ke sauka in sun ƙetaro daga Benin. A bakin zauren akwai randa da moɗa. Baƙo kan sha ruwa tukuna, sannan a tambaye shi daga ina.

Da motoci suka yawaita, fatake suka daina kwana, damina ta yi ta cin sorayen har jemagu suka gaje su. 'Yan'uwa suka sayar wa wani kamfani. Na'Allah ya yi fushinsa ya gaji, ya koma wani ɗan gida a tsallaken titi da matarsa Hamsatu, inda yake hango kangon yana tsaki.

Kamfanin kuwa bai rushe gidan ba. Aka kawo magina suka sake yaɓe, aka canza azara, aka sa na'urar sanyi a inda jakuna ke kwana a da. Sai ga otal na alfarma, wanda ko tawul ɗinsa sai an murɗe shi kamar alkaki. Manajan, Badamasi, ɗan unguwar ne, kuma yana ganin girman tsohon. Ya ɗauke shi tsaron ƙofa, ya ba shi babbar riga da rawani.

"Baba, aikinka guda ne, ka ce wa baƙi maraba."

"Wanga shi na aiki?" in ji Na'Allah. "Tun ina goye nike yin shi."

Makon farko ya kusa kashe Badamasi da ciwon kai. Na'Allah ya yi wa mai tallan rake maraba. Ya shigo da wani direban tirela har gaban kantar karɓar baƙi, wai ya ga alamar gajiya a fuskarsa. Aka zaunar da shi aka yi masa bayani cewa maraba ta wanda ya kama ɗaki ce. Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Abu ɗaya ne bai yi magana a kansa ba, ga shi kuwa mutum ne da bakinsa ba ya hutawa: randar ubansa. An goge ta, an ajiye ta a falo don ado, babu ko ɗigon ruwa, an cusa mata furen roba.

Wata la'asar, jajiberin kasuwa, wani tsohon Bafulatani ya sauka daga kan babur, ya dogara sanda ya nufo ƙofar. Manu ne, dillalin shanu daga tsallaken iyaka, wanda tun yana saurayi yake sauka wurin uban Na'Allah. Idonsa ya yi rauni, amma ƙafarsa ba ta manta hanya ba. Ya shafa bangon ya yi murmushi.

"An ce mini gidan ya tashi, ni ko nic ce sai na kwana ciki kahin in mutu." Ya miƙa hannu gefen ƙofa yana laluben moɗa. "Ina randa?"

Ni da nake unguwar, na sha ganin Na'Allah ana yi masa dariya bai damu ba, amma ranar na ji tausayinsa. A gidan ubansa, da rawani a kansa, ba shi da ikon ba baƙo ruwa. Badamasi na tsaye daga ciki, ya sunkuyar da kai, don shi ma ba gidansa ba ne.

Na'Allah ya kama hannun Manu. "Taho, an maida zauren baƙi wancan ɓangare."

Ya tsallaka da shi titi, rigar otal na jan ƙasa. Hamsatu ta kawo ruwa da fura, ta shimfiɗa tabarma, ta harari mijinta don ta san ba a wannan za a tsaya ba.

Ba a tsaya ba kuwa. Washegari ta fito ɗibar ruwa ta tarar da gurbin randarta kawai. Ga ta can a gefen titi, daf da katangar otal amma ta waje, cike fal, da moɗa a kai. Ta yi faɗa har makwabta suka leƙo. Badamasi ya fito ya dubi randar, ya dubi tsohon, ya ɗebi ruwa ya sha, ya koma ofis.

Da Manu zai tafi, ya tsaya ya sha, ya goge baki.

"Na'Allah, na san ba gidan ubanka nik kwana ba. Idona ad da ciwo, hankalina lahiya lau."



Manu ya mayar da moɗar. "Amma ruwan nashi ne."