Zanen Rawaya a Tagarmu

Duk tsufan da zan yi, ranar da na hau dutsena na ƙarshe a Kuala Lumpur ba za ta fita daga raina ba.

Karatun digiri na uku ne ya kai ni can, muka kama gida ni da matata a saman wani dogon bene a Wangsa Maju. Ni Bakano ne, tun da nake ban taɓa hawan abin da ya wuce Dala ba, sai ga duwatsu kore shar ta tagarmu. A makon farko na ci alwashin ba zan bar ƙasar ba sai na taka kan duk dutsen da ake hangowa daga tagar nan. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki, wai mutumin da ke haki idan lif ya lalace. Amma ita ta kafa mana doka: duk ranar da na fita za ta shanya zanenta rawaya a taga, in na kai ƙololuwa in zuƙo shi da kyamarar waya in turo mata. Ba ta karɓar wata shaida sai wannan.

Ina ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, har saura guda, sai na zame a gangara bayan ruwan sama, gwiwata ta hagu ta yi ƙara. Wata da watanni ina dogara sanda. Da na warke kuma na tafka wauta irin ta ɗan Arewa, na ce bari in jira rani hanya ta bushe, a garin da ruwa ba ya zuwa hutu! Da na farga lokaci na ƙurewa, na fita da gaggawa, na fama gwiwar tun a gindin dutsen. Ranar kam na yi baƙin ciki, ko abinci ban ci ba.

Kafin in sake miƙewa na kare kundina, mun tura kayanmu gida, jirginmu saura kwanaki. Likita ya ce in gwada, amma a hankali. Da safe ina ɗaura takalmi sai ga matata da sabon kambas a ƙafa.

"Yallaɓai, in ka sake faɗuwa wa zai kwaso ka? Mu je."

Muka kama hanya, muna riƙe saiwoyi da igiyoyin da aka ɗaura a jikin itatuwa. Tsofaffin garin suna wuce mu kamar a tsakar gidansu suna cewa "boleh, boleh", wato za ku iya. Gab da ƙarshe gumi ya kwance bandejin da na naɗe gwiwar da shi, ta fara zugi, na zauna na ce shi ke nan. Ta buɗe jakarta ta zaro zanen nan rawaya, ashe ba ta tura shi gida da kayanmu ba, ta ninke ta ɗaure min gwiwar tamau, ta ba ni kafaɗarta.

Da muka ɓullo sama, ga birni shimfiɗe a ƙasanmu, na yi ta kabbara ina dariya kamar yaro ranar sallah. Saboda sabo na ɗaga waya na zuƙo tagarmu, na gan ta wayam, ko labule babu.

"Me kake nema can?" in ji ta, tana haki fiye da ni. "Dubi ƙafarka."

Hoton da na ɗauka ranar na gwiwata ne, da hannunta a kan ƙullin. Na koyi cewa buri ba ya jiran hanya ta bushe. Na kuma gane duk shekarun nan da nake cika baki wai ni kaɗai nake hawa, ashe mu biyu ne.